Polaroid ɗin Kawu da zafin Maraɗi

Duk wanda ya ciro tsohuwar Polaroid, kyamarar nan mai fiddo hoto nan take, daga ƙasan adaka, ya danna maɓalli ya ji shiru, sai ya ce ai ta mutu. Ya yi ta juya ta yana neman wurin sa batir, ba ya gani, domin babu shi. Waɗannan kyamarorin, tun daga SX-70 da ta fito a 1972 har jerin 600 da suka biyo baya a 1981, batirinsu a cikin kwalin fim yake. Wani falle ne mai bolt 6, kwance ƙarƙashin takardun hoton, shi ke tada ɗan injin da ke turo hoto, shi ke cika filasha. Fim ɗin da ya yi shekaru a ɗaki batirinsa ya daɗe da mutuwa, kyamarar kuwa sau da yawa lafiyarta lau.

Wadda ke hannuna ta kawuna ce, 600 baƙa mai buɗewa ta goshi, wadda ya sha ɗaukar hotunan sallah da na suna da ita a unguwar Mokoyo. Da ya miƙo mini ita cewa ya yi, "Ɗana, kai ta babbar kasuwa wajen masu gyaran waya, ko Allah zai sa." Na ce, "Kawu, ku dakata tukuna mu ga sabon fim, kada a kwance mata ciki a banza."

Samun fim ɗin shi ne aiki. Kamfanin Polaroid ya daina yin sa a 2008, wasu da suka kira kansu Impossible Project suka karɓi masana'antar Enschede a Holand suka farfaɗo da shi, yau kuma su ke riƙe da sunan Polaroid. Ni wata ƴar uwa da ke zuwa daga Faransa na yi wa saƙo, kuma sai da na nanata mata ta duba an rubuta 600 a jikin kwalin. Akwai wani mai suna i-Type, girmansu ɗaya, amma ba batir a cikinsa, don sababbin kyamarori aka yi shi. Na SX-70 kuma ya fi bukatar haske nesa ba kusa ba, in aka sa shi a 600 hoton duhu zai yi.

Idan ka zura sabon kwali ka rufe ƙofa, za ka ji ƙara, baƙar takardar da ke kare fim ta fito da kanta. In ba ta fito ba, leƙa ramin da kwalin ke shiga, akwai ƴan ƙarafa biyu da ke taɓa batirin. Tsatsa ko datti kan hana wuta wucewa, goge su da busasshen ƙyalle. Lambar ƙirga hoto da ke bayan kyamarar za ta nuna 10, amma kwalin yanzu hoto 8 ne, saboda haka in ta kai 2 fim ya ƙare, ba lalacewa ba ce.

Sai rola, inda ƙurar garin nan ke yi mana ta'adi. Sanduna biyu ne na ƙarfe a cikin ƙofa. Kowace takardar hoto tana da ƴar jakar sinadari a faffaɗan gefen nan na ƙasa, rolar ce ke fasa ta ta shimfiɗa sinadarin a kan hoton, yadda injin taliya ke murje kwaɓi. Ƙwayar yashi ɗaya in ta manne, duk zagayen da sandar ta yi sai ta bar tabo, shi ya sa za ka ga ɗige-ɗige a jere daga sama har ƙasa, tazararsu daidai wa daida. Ganin haka ba sai ka tambayi kowa ba. Ka jiƙa ƙyalle mai laushi da ruwa kaɗan, kana gogewa kana juya sandar da yatsa, ka bari ta bushe. Kada kananzir ko fetur ya kusance ta. Lokacin hunturu ina yin wannan duk sa'ad da zan canza kwali. Amma in wani ɓangare ne guda na hoton ya fito ba komai, musamman a kusurwa, galibi sinadarin ne ya bushe don tsufa, goge rola ba zai dawo da shi ba.

Zafi ne dai ba mu da yadda za mu yi da shi. Masu yin fim ɗin sun ce ya fi kyau tsakanin digiri 13 da 28, mu kuwa a Afrilu da Mayu muna haura 40. Hoto sai ya fito ja-ja ko rawaya-rawaya, launi ya dushe, mutum ya zaci idon kyamarar ne. Ina ajiye fim a firigo, ba wajen ƙanƙara ba, in fito da shi kamar awa guda kafin aiki. In an ɗauke wuta ta daɗe, cikin leda ɗaurarriya nake sa shi kusa da randa. Ɗauka kuma da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, kuma kada a bar kyamara mai fim a ciki ƙarƙashin kujerar babur. Turawa kan ce a sa hoto a aljihu ya sami ɗumin jiki, wannan shawarar masu sanyi ce. A nan inuwa mai iska yake so, a kife shi da zarar ya fito, a ba shi minti 10 zuwa 15. Fifitar nan da kowa ke yi, har Kawu, ba ta busar da komai, hoton a rufe yake da roba, lanƙwasa shi ma na iya ɓata shi.

In fim sabo ne, ƙarafa a goge, rola tsaf, injin yana ƙara amma hoto bai fito ba, to a nan ne kyamarar ke da laifi. Wani ɗan ƙugiya ne a can ƙurya da ke turo takarda zuwa rola, yakan daina kamawa. Wannan aikin tsohon mai gyaran rediyo ne mai haƙuri, kuma ka gaya masa tun farko cewa filashar tana riƙe wuta mai ƙarfi ko bayan an cire kwali, kada ya kai yatsa wajen.