Hoton wa za mu buga a kalandar?

Shagona na ɗab'i yana kusa da Terminus a Jos. Muna buga katin biki, fosta, banna da ƙananan littattafan Islamiyya, amma daga Nuwamba aikin kalanda ne ke cinye mu, kuma a nan ake yawan kai ruwa rana da kwastomomi a kan hoto.

Mutum zai miƙo waya da hoton Dutsen Riyom ko ruwan Assop, ya ce a sa masa a kalandar kamfani. Ka tambaye shi wa ya ɗauka, sai ya ce a Google ya gani. Google kuwa hanya kawai yake nunawa. Akwai wanda ya yi sammako cikin sanyin Filato, ya sha mai, ya jira rana ta fito kafin ya danna kyamara. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, tana kare hoton nan ko mai shi bai taɓa taka ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ba. Kariyar hoto shekara 50 ce daga fitar da shi, ta rubutu kuma sai marubuci ya shekara 70 da rasuwa.

Wani Alhaji mai kayan gini ya taɓa ce mini, "Malam, ka rubuta sunansa a ƙasa mana, magana ta ƙare." Na ce, "Ranka ya daɗe, ko kowa ya san motar wane ce, ai sai ya ba ka makulli za ka tuƙa." Ambaton suna daban, izini daban, kuma mai hoto yana da haƙƙin duka biyun.

Mukan fara da Google Lens, manhajar bincike da hoto, mu lalubo asalin hoton. In mun samu mai shi, sai mu tura saƙo mu faɗi kwafi nawa za a buga, wane girma, sayarwa za a yi ko rabawa. Amsarsa a rubuce nake so, in ajiye ta cikin fayil ɗin aikin, don "ba komai" ta baki ba ta da shaida ranar rigima. Wasu kan yanka kuɗi, wasu sunansu kawai suke so ya fito.

In lokaci ya ƙure mukan shiga rumbun hotuna na intanet mai suna Wikimedia Commons, inda galibin hotuna ke ɗauke da lasisin Creative Commons, wato izinin da mai hoto ya ba kowa tun farko bisa wasu sharuɗɗa. A wasu shafukan kuma sai an kula da haruffan lasisin: BY na nufin a ambaci mai aiki, NC kuma ban da kasuwanci. Ni dai kalandar kamfani talla ce ko kyauta aka raba ta, don haka ba na sa mata hoton NC. A gefen hoton mukan jera sunan mai ɗauka, shafin da aka samo shi da irin lasisin, in mun datse shi ma mu faɗa.

Yaran shagona sun san goge tambarin mai hoto da Photoshop laifin kora ne, duk iya aikin yaro. Malaman Islamiyya ne ba na wahala da su, sun saba jingina magana ga mai ita da littafin da ta fito.

Wasu kwastomomin kan ga na cika tsirfa, su wuce shagon gaba. Wanda ya tsaya nakan gaya masa tun farko cewa aikinsa zai ƙara kwana biyu, kafin mai hoto ya amsa saƙo.