Fatsa a bakin tsibiri cikin hunturu

Yau tun asuba ina kan duwatsun bakin tsibirin nan da fatsata, iskar hunturu na kaɗawa har yatsuna suka ƙage, da ƙyar na maƙala jatan lande a ƙugiya. A irin wannan lokaci kifi ba ya zarin ci. Sanyi na kashe masa jiki, sai ya koma can cikin zurfi, dole ka ƙara dalma a igiyar fatsa don ƙugiya ta nutse sosai, ka yi jifa mai nisa, ka jira teku ta fara cikowa.

Wani dattijo da ke gefena ne ya fara kamawa, ɗan ƙarami, bai isa ɗauka ba. Kafin ya taɓa shi sai da ya tsoma hannayensa biyu cikin ruwan nan mai kamar ƙanƙara. Na ce, "Baba, a wannan sanyin?" Ya ce, "Ɗana, busasshen hannu na goge yauƙin jikinsa, alhali shi ke kare shi daga cuta." Ya zare ƙugiyar a hankali, hannunsa na rawa, ya mayar da shi ruwa. Wallahi abin ya tsaya min a rai, domin babu wanda ya sa shi, babu kuma ribar da zai ci. Ina ganin saboda irinsu ne har yau ake samun kifi a gaɓar nan.