Fetur ɗin da ya daɗe a tanki shi ke hana inji tashi

Ƙananan injuna uku nake kula da su: janareta, injin ban ruwa, da zarto mai inji. A shekarun da na yi ina ɗawainiya da su, na lura cewa in inji ya ƙi tashi bayan ya yi watanni a ajiye, da wuya a samu laifin a fulogi. Yawanci man ne.

Fetur ba ya zama yadda aka saye shi. Ɓangarensa mai saurin kama wuta, wanda ke tada inji da zarar an ja igiya, shi ke fara bin iska. Abin da ya rage sai ya dinga yin kauri a hankali har ya zama danƙo. A mota ba a cika ganin haka ba, don kullum ana ƙona mai ana zuba sabo. Ƙaramin inji kuwa, ramin da mai ke bi a kaburetarsa bai fi kafar allura ba, ɗan danƙo kaɗan ya isa ya toshe shi. Bakanike ya taɓa kwance kwanon ƙasan kaburetar injin ban ruwana ya miƙo min. Wani abu mai ruwan ƙasa ya manne a gindinsa, yana wari mai tsami, sai da farce ake kankare shi. Ya ce, "Alhaji, injinka lafiyarsa ƙalau, man ne ya tsufa a ciki." Tun daga nan ba na sayen fetur ɗin da ya wuce abin da zan ƙona cikin wata guda.

Wajen zaɓe, littafin injin nake bi. Fetur mai lambar oktan (ma'aunin jurewar fetur ga matsi a cikin inji) sama da abin da littafin ya nema ba ya ƙara wa inji ƙarfi. Abin da na fi sa wa ido shi ne itanol, wani sinadari mai kama wuta dangin barasa. A ƙasashe da dama ana gauraya shi da fetur, mai kashi 10 cikin 100 ana kiransa E10, kuma kamfanonin ƙera injuna Honda da Briggs & Stratton duk sun amince da shi, amma sun hana wanda ya haura haka. Matsalar itanol ita ce yana janyo laimar iska. In ruwan ya yi yawa, sai shi da itanol ɗin su rabu da fetur su kwanta a ƙasan tanki, daidai inda inji ke zuƙo mai. Idan ina shakkar mai, nakan tsiyayi kaɗan a kwalba mai haske in bar shi ya natsu. Ruwa in akwai shi, za a gan shi ya yi layi a ƙasa.

Zarton shi ne mai wuyar sha'ani, don fetur ɗinsa sai an haɗa da man inji na musamman da aka yi don irin wannan inji, ba baƙin man mota ba. Nawa 50:1 ne (fetur kashi 50, man inji kashi 1), wato mililita 20 na man a kowace litar fetur. Mai 40:1 yana cin 25, mai 25:1 kuma 40. Da sirinji nake awo, ban yarda da awon ido ba. Man ya yi kaɗan, fistan ya ci wuta ya kame. Ya yi yawa, hayaƙi ya turnuƙe, fulogi ya yi baƙi. Jarkar haɗin daban take, na rubuta mata ranar da na haɗa, kuma sai na girgiza kafin in zuba.

Jarka ta ƙarfe ko ta robar da aka yi don fetur kaɗai nake amfani da ita, mai murfi da ke rufuwa gam. Robar ruwan sha ba ta wannan aikin ba ce. A ƙasa nake ajiye ta lokacin ɗurawa, ba a bayan mota ba, saboda tartsatsin da gogayya ke haifarwa. Ba na cika ta fal, don fetur na kumbura in ya ji zafi. Mazauninta inuwa ne, a wajen ɗakin kwana, nesa da duk inda ake kunna wuta. Wannan ba na wasa da shi: tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, yana iya rarrafawa har ya tarar da wuta a nesa. Haka kuma ba na ƙara wa inji mai sai na kashe shi ya huce.

In zan ajiye inji fiye da wata, nakan rufe famfon mai yana aiki, in bar shi ya ƙone na cikin kabureta har ya mutu da kansa. Daga nan in kwance ɗan kusan da ke ƙasan kwanon, ragowar ya tsiyaye a gwangwani. Akwai maganin da ake zubawa don fetur ya daɗe, kuma yana aiki, amma a sabon mai ake sa shi, sannan a kunna injin na ɗan lokaci don ya kai kabureta. Wanda ya riga ya canza launi ya yi tsami, babu maganin da zai dawo da shi. Irin wannan ba na zuba shi a inji, ba na kuma malalar da shi a ƙasa ko a kwata. A jarka daban nake rufe shi, in kai inda ake karɓar tsohon mai.