Gwazarmar da ta ci mini dabino biyu

Har yau in na wuce wurin kututturan nan biyu sai na kawar da kai. Ajwa ce fa, ba wani dabinon banza ba, kuma ni na sare su da hannuna a gonar da nake aiki a wajen Madina.

Na tona gindinsu ne na tarar da tsutsotsi farare, ƙosassu. Nan take gabana ya faɗi, na ce shi ke nan, susa hamra ta shigo mana. Duk mai aikin dabino a Saudiyya ya san tsoron jan ƙwaron nan da ya fito daga kudancin Asiya, aka fara ganinsa a garin Ƙaɗif na gabashin ƙasar a 1987. Ban kira kowa ba, na ɗauko zarto. Wai ni mai himma.

Da la'asar Kawu, dattijon da ya taso a Maiwurno ta Sudan, ya ɗora tsutsa ɗaya a tafin hannunsa ya ce, "Ɗana, ƙirga ƙafafunta." Shida. Ga ta kuma a lanƙwashe kamar lauje. "Tsutsar susa ba ta da ƙafa ko ɗaya. Wannan ai gwazarma ce, irin ta juji."

Ƙafa kawai! Abin da yaro zai duba.

Daren nan muka kunna fitila, uban tsutsar ya faɗo: baƙi mai sheƙi, da ƙaho guda a ka, dangin buzuzu. Larabawa na ce masa haffar, masana kuma Oryctes. A nan ma na so in sake yin azarɓaɓi, don hoton da na fara gani a waya na Oryctes rhinoceros ne, alhali shi na kwakwar Indiya ne da tsibiran Fasifik. Mai cin kwakwar manja a Najeriya monoceros ne. Na dabinon yankin nan elegans ne da agamemnon, na farkon har Iraƙi da Iran yana nan. Kamarsu ɗaya a hoto, sai ka fara tambayar kanka a wace ƙasa kake tsaye.

Yana ɓarna, ba shakka, yana huda zangarniya. Amma maganinsa tarkon fitila ne, da tsince tsutsa, da daina zuba ɗanyen taki a gindi. Takin kuwa ni na zuba shi. Kafili, wato ubangidana, bai yi faɗa ba, ya dai tambaye ni shekara nawa ajwa take yi kafin ta haihu, ya shiga motarsa.