Deba ba adda ba ce

Yau aka nuna min deba, wato wuƙar gyaran kifi ta Japan, sabuwa fil, bakinta ya yi giɓi har biyu. An sara daskararren kifi da ita, aka kuma murɗa ta cikin ƙashi. Ƙarfen wuƙaƙen Japan tauri gare shi, ba ya lanƙwasa, ɓallewa yake yi. Abin ya ba ni takaici, don wuƙar ba ta da laifi.

Mai girkin gida, deba mai tsawon milimita 150 zuwa 165 ta ishe shi gyaran karfasa da matsakaicin kifi. Gindinta mai kauri ake dannawa a cire kai, tsininta kuma ya bi ƙaya ya ware tsoka. Gefe ɗaya kawai ake wasa ta, saboda haka bahago sai ya nemi tasa. Yanagiba, wata wuƙar Japan doguwa siririya, ta yanka tsoka ce zalla, kada ta taɓa ƙashi. In ƙarfen mai tsatsa ne, a goge shi ya bushe da an gama aiki. Gyaran giɓin nan kuwa zai ci awa guda a kan dutsen wasa wuƙa, in ma bai fi ba.