Yaron da ya yi jinkirin zama ko magana: illar dogon jira

A gidajenmu na Zamfara, idan yaro ya kai wata 9 bai iya zama da kansa ba, ko ya shekara 2 bai haɗa kalma biyu ba, abin da uwarsa ta fi ji daga dangi shi ne ta yi haƙuri, nauyin ƙafa ne ko nauyin baki, kowane yaro da lokacinsa. Sau da yawa gaskiyarsu ce. Amma akwai yaran da jiran nan yake cinye musu shekarun da suka fi amfani, domin kafin yaro ya cika shekara 5 ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girman ta babba, kuma a tsakanin nan ne ta fi karɓar horo.

Dalilan da suke jawo wa yaro wannan rauni ba ɓoyayyu ba ne: doguwar naƙuda da ta hana jariri numfashi da wuri, ciwon shawara mai tsanani a makon haihuwa, sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa. Mu kuma muna da namu ƙarin. A shekarar 2010 gubar dalma, wadda ta fito daga ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Likitocin ƙungiyar agajin lafiya ta ƙasa da ƙasa, MSF, sun yi wa dubban yara magani, sai dai maganin yana rage dalmar ne daga jini, ba ya mayar da abin da ta riga ta lalata a ƙwaƙwalwa.

Abin da nake so iyaye su sani shi ne, yawancin aikin a gida ake yin sa, a hannun uwa. Mai gashin ƙashi a asibiti, kamar na Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, zai nuna mata yadda za ta kwantar da yaron rub-da-ciki, ta naɗe zane ta sa masa a ƙarƙashin ƙirji, sannan ta kaɗa wani abu mai ƙara a gabansa har ya yunƙura ya ɗaga kai. Zai nuna mata yadda za ta zaunar da shi a cikin baho ta tokare shi da tsummoki, da yadda za ta ba shi kunu a zaune, kansa a miƙe, don kada ya ƙware. Ba a ganin sakamakon a mako guda, shi ya sa wasu suke karaya, amma yaron da ake yi wa haka kullum gaɓoɓinsa ba sa saurin sandarewa. Haka ma jaririn da aka haifa da murɗaɗɗiyar ƙafa: idan aka kai shi da wuri, ana gyara ta da filasta da ake canjawa duk mako, galibi ba tare da babbar tiyata ba.

Ban ga inda addu'a ta hana zuwa asibiti ba, a haɗa su biyun. Abin da yake ƙona mini rai shi ne kiran yaro ɗan ruwa, a ɓoye shi a ɗaki, a bar uwarsa da zargi.

Ba laifin iyaye ne kaɗai ba. Masu koyar da magana ƙalilan ne a ƙasar nan, kuma matar da ke ƙauyen Maru ko Zurmi sai ta yi lissafin kuɗin mota da rashin tsaron hanya kafin ta iso Gusau. An sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman tun watan Janairun 2019, amma yaro ɗan wata shida ganowa da wuri yake buƙata. Ana kawo jarirai riga-kafi a mako na 6, na 10, na 14, da kuma wata na 9. Da ma'aikatar lafiya ta jiha za ta horar da masu allurar su riƙa tambayar uwa ko wuyan yaron ya tsaya, ko yana waiwayowa idan an kira shi daga baya, ko yana bin fuskarta da ido, da an tura yara da yawa Gusau tun suna goye.