Godiya ga waɗanda suka sa yaranmu dariya a Ranar Yara

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Alhamdu lillahi, zaman karatun yara da muka yi a Tudun Wadan Zariya ranar 27 ga Mayu an yi lafiya an tashi lafiya. Tun ranar nake son in zauna in yi godiya, sai yau gajiya ta sake ni. Yaba kyauta tukwici, ni kuwa ba ni da tukwicin da ya wuce wannan.

Ga wanda bai samu labari ba, mu malaman aji ɗaya da na rainon yara ne muka ce bana ba za mu kai ƙanana fareti su sha rana ba. Baba Mai Unguwa ya ba mu zaurensa da filin ƙofar gida, muka shimfiɗa tabarmi, muka baza littattafai masu hotuna. Sharaɗinmu ɗaya ne: littafin da bai ba mu dariya ba, mu manya, ba zai hau tabarma ba.

Sharaɗin nan ya ba mu wuya. Zariya ce fa, garin da aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945, aka kuma kafa NNPC, ta buga littattafai ba ta man fetur ba, a 1966. Amma je ka shagon littattafai ka ce a ba ka na Hausa mai hoto wanda zai sa ɗan shekara huɗu ƙyaƙyatawa, ka ga irin kallon da mai shago zai yi maka. Abin da muka fi tararwa na koyon baƙaƙe ne, sai kuma labaran da aka gina don jan kunne: yaro ya yi ƙarya, kura ta kama shi, ga darasi a ƙasa. Ban raina su ba, suna da ranarsu. Sai dai ban taɓa jin yaro ya ce a maimaita masa irinsu ba, alhali maimaicin nan shi ne ke koya wa yaro karatu tun kafin ya san ana koya masa.

Godiyata ta farko ga ƙanwata. Ita ta tono mana labaran African Storybook, shirin ƙungiyar Saide ta Afirka ta Kudu, wanda ke da littattafan yara cikin harsunan Afirka da dama har da Hausa, kyauta, kuma da izinin a buga ko a fassara. Ta ƙarar da datarta tana tacewa, wanda Hausarsa ta yi tsami ta gyara masa zama. Auta, Allah Ya ba ki miji mai ban dariya.

Sai ɗaliban zane na Jami'ar Ahmadu Bello da suka riƙa tasowa daga Samaru da kuɗin motarsu. Su suka zana mana namu na gida, kuma a wurinsu na ga yadda ake ɗinka barkwanci a littafi. Ashe abin dariyar ba a sa shi a shafin da yaro ke kallo, ana ɓoye shi ne a bayan shafi. Nan ga akuya ta tsaya a bakin titi tana ɗaga ƙafa, sai an juya a gan ta a kujerar gaba ta Keke Napep, ta matse direba, tana tauna hularsa. Dabara ta biyu ta ma fi burge ni, wato rubutu ya faɗi abu, hoto ya ƙaryata shi. Rubutu ya ce Gizo ya rantse wa Ƙoƙi bai taɓa wainar ba. Hoto kuwa ga kumatunsa sun kumbura, miyar taushe har kan babbar rigar aro. Yaron da bai san ko baƙi ɗaya ba shi ke fara gano ƙaryar, ya miƙe yana nuna wa malama da yatsa kamar ita ba ta gani ba. A wannan lokacin ya fi littafin wayo, ya fi babba wayo, to ina zai yarda a rufe? Su ne kuma suka dage kowane littafi ya tsaya a shafi 16 ko 24 ko 32, domin a haka ne babbar takarda ke ninkuwa a wurin bugu, ba a yi asarar ko falle ba.

Mai injin da ya buga mana, Allah Ya yi wa sana'arka albarka. Gwajin farko duk ƙ da ɗ da ɓ sun koma ƙananan akwatuna, ya zauna har dare yana canza salon harufa, bai ƙara mana ko sisi ba.

Gwaggo kuwa ban san da wane baki zan gode mata ba. Ba ta yi boko ba, da muka je roƙo ma cewa ta yi ita ba ta tatsuniya da rana. Muka ce ai wannan karatu ne. Ta karɓi littafin, ta bi hotuna kawai, ta ce ga ta nan ga ta nanku, ta ɗauko tsamin bakin Gizo yana kiran sarki "saiki". Yara suka yi ta birgima a kan tabarma. Ta ƙara abubuwan da babu su a rubuce, kuma wallahi nata ya fi namu, har ɗaliban suka zaro biro suna kwafa.

Ina miƙa godiya ta musamman ga Malam Liman, Allah Ya gafarta Malam. Akwai iyayen da suka yi ta gunaguni cewa wannan shashanci ne, karatu ba wasa ba ne. Malam bai yi musu da kowa ba. Ya zo ya zauna cikin yara, da aka ba shi dama ya tuna mana yadda Manzon Allah (SAW) yake yi wa ƙanin Anas ɗan Malik wasa, yana tambayarsa labarin ɗan tsuntsunsa. Daga nan gunaguni ya mutu. Ɗaya daga cikin masu gunagunin ma na hango shi a gindin bango shi kaɗai da littafin akuya, kafaɗunsa na rawa. Ba zan faɗi suna ba, ya san kansa.

Matan unguwa da suka yi ƙosai da kunun gyaɗa da zoɓo, samarin da suka kwashe littattafai a guje suka kai zaure da hadari ya taso bayan azahar, mai shagon da ya ara mana bencina, da iyayen da suka amince suka ba mu amanar 'ya'yansu, Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya raya mana zuri'a bisa tafarkin gaskiya.

Littattafan suna nan a zauren Baba Mai Unguwa, ana ba da aro duk Asabar bayan la'asar. Waɗanda suka tafi da wasu ranar taro, don Allah a dawo da su ko da sun yage, muna da gam da salatif, kuma kada a doki yaro a kan haka. Wanda kuma yake da kaka ko gwaggo mai tatsuniyar ban dariya ya sanar da ni, ɗaliban sun ce za su dawo da zarar sun gama jarrabawa.